Orville da Makullin Glenda

Shekara talatin da ɗaya Orville Tackett ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a Ohio, bai taɓa ko gogar wani ba. Da ya yi ritaya suka tare a unguwarmu ta Heron Bend, a Florida, shi da matarsa Glenda. Katanga ɗaya ta raba mu.

Mu nan tsofaffi ne zalla, kowa da keken golf ɗinsa, 'yar ƙaramar motar nan mai batir. Gidajenmu na gabas, kanti da asibiti da coci na yamma, babban titi mai layi huɗu ya ratsa tsakani. Al'adarmu kuwa, in na gaba ya kutsa, na baya sai su bi shi reras kamar 'ya'yan agwagwa, babu mai waiwaye. Orville kaɗai ke tsayawa cak, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu. Ni kaina na sha danna masa hon ina cewa, "Haba direba, sai mun tsufa a nan?" Ya ce, "Ai kin riga kin tsufa, Maxine."

Ashe idon Glenda ya daɗe da dushewa, ta ɓoye. Ba ta ganin motoci, bayan keken gaba kawai take bi. Wata Talata da safe wani ya fizga a guje, ta bi shi. Wata motar kaya ta taka birki har taya na hayaƙi, saura ƙiris. Ina bayanta, a kan idona aka yi.

'Yarsu ta bugo waya ta ce a karɓe makullin keken. Glenda ta ce, "An karɓe na mota na yi shiru. Wannan in kun karɓa, ku haɗa da ni ku kulle a ɗaki." Da keken take zuwa waƙar coci, abin da ya rage mata ke nan.

Orville bai karɓa ba. Ya je wa kwamitin unguwa da maganar a sa fitilar danja a titin, aka ce sai hukuma ta yi nazari. Nazari! Washegari sai ga shi a bakin ƙofar unguwa da riga mai walƙiya. Ba shi da ikon tsayar da motoci, don haka mu yake tsayarwa, keke ɗaya ɗaya, sai ya ɗaga hannu ka wuce. Mun zage shi, mun yi masa laƙabi da Sajan. Ko a jikinsa. In Glenda ta iso sai ya ce, "Bismillah, 'yan mata," ta wuce tana harararsa.

Wata goma sha tara ya yi yana tsayuwa cikin zafin rana, wuyansa duk ya ƙone, kafin a kafa danjar.

Ranar buɗewa muka ce Glenda ce za ta fara tsallakawa. Ya zauna gefenta. Fitila ta yi kore, muna ta tafi, keken bai motsa ba. Ina kusa, na ji ta ce a hankali, "Tsoho, wace kala ce?"

Ya ce, "Kore."

Ta tuƙa har ƙetare, ta kashe keken, ta zare makullin ta sa masa a tafin hannu da kanta. Na juya baya don kar a ga ina kuka.

Yanzu shi ke kai ta coci. Ko fitila kore ce sai ya tsaya ya duba hagu da dama, kuma babu mai danna masa hon.