Shagon Yaya na Cikin Waya

Yayana kafinta ne, kuma ko maƙiyinsa ya zauna a kujerar da ya haɗa sai ya yi gyangyaɗi. Lalurarsa ɗaya ce tun muna yara: ba ya iya ganin ragi ya wuce. Sabulu sai katan, ƙusa sai buhu. A gidansa akwai batiran tocila da suka mutu a cikin ledarsu, ba a taɓa sa su a tocila ba. Shi ya sa kafintocin layinsu suke kiransa Ɗan Sari, shi kuma ya amsa da fara'a, don a ganinsa kirari ne.

Ya daɗe yana yi wa wasu aiki kafin ya buɗe nasa shagon. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a bakin titi, mai walda a dama, mai fenti a hagu. Soso jingine har rufi, yaduka a rataye, ƙanshin gam da garin katako yana tarbarka tun daga tsallaken titi. Ranar da aka ɗaga allon shagon Yaya ya tsallaka ya tsaya yana kallonsa, har wani mai tasi ya tambaye shi ko lafiya.

A shekarar ce ya yi wa wani mutum kujerun ofis. Mutumin sana'arsa haɗa shafukan intanet, sai suka yi ban gishiri in ba ka manda: kujeru daga Yaya, shafi daga shi. Abin da ya rage wa Yaya shi ne kuɗin masauki, wato kamfanin da zai ajiye shafin a na'urorinsa don duniya ta riƙa gani, kamar dai hayar ɗaki. Mutumin ya nuna masa wani kamfani mai araha, ya ce ya zaɓi tsarin da ya yi masa.

Ni a kantin magani nake aiki. Nan ya same ni da rana tsaka, ya ajiye wayarsa a kan kanta, ya ture mini ita da ɗan yatsa.

"Auta, duba nan. In wata-wata zan biya, ga kuɗin. In shekara ɗaya, ya sauko. In shekara huɗu a dunƙule, kalli abin da wata ke kamawa. Ko shayi ba zai saya ba!"

"Yaya, na watan kake kallo don shi suka rubuta da manyan baƙaƙe. Kalli na ƙasa, wanda za ka fitar yau."

"Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Ka san kamfanin? In ba su yi maka ba fa? Ka ɗauki shekara ɗaya ka ga kamun ludayinsu."

Ya yi mini irin kallon da babban wa ke yi wa wadda ya goya. "Ke ba ki taɓa kama haya ba. Wanda ya biya gaba ba a korarsa."

Na ce araha ba ta ado, ya ce sai dai in mai ita bai iya sawa ba. Na nuna masa inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa bayan watan farko ba a mayar da kuɗi, kuma ragin na karon farko ne kawai. Ya yi kunnen uwar shegu. A gabana ya biya shekara huɗu, ya sayi maganin mura kwali guda alhali ba mai mura a gidansa, ya tafi.

Gaskiya shafin ya yi kyau. Ga Yaya a tsaye a ƙofar shago, tef ɗin awo a wuya, hannu ɗaya a kan wata doguwar kujera ruwan toka. Ga lambar waya, ga taswirar da za ta kai mutum har bakin rumfa. Shafin yakan ɗan jima kafin ya buɗe, amma yana buɗewa. Da muka je gaida Mama a garin da take zaune, Yaya ya sa mata shi a fuskar wayarta, dannawa ɗaya ya fito. Mama ba ta iya tura saƙo ba, amma wannan ta iya shi a ranar. Duk wanda ya shiga gidan, mai karanta mita ne ko mai ta'aziyya, sai ya ga shagon ɗanta kafin a ba shi ruwa.

Shekara ba ta rufa ba aka sayar da ginin. Sabon mai shi ya ninka haya, katako ya yi tashin gwauron zabo, masu saye suka ɗauke ƙafa. Ba zan ɗora wa shafin laifi ba, shagon zai tafi ko da shi ko babu. Yaya ya sauke allonsa da kansa, ya sayar da injin yanka, ya koma aiki a ƙarƙashin wani kafinta a bayan tashar bas, mutumin da Yaya ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya rubuta wa kamfanin ko za su dawo masa da na sauran shekarun. Suka amsa cikin ladabi, suka gode masa da kasancewa tare da su, suka ce a'a.

Wanda ya biya gaba kuwa ba a kore shi ba. An kore shi daga shagon bulo da siminti, amma a cikin waya yana nan tsaye da tef a wuya, yana murmushi.

Na ce ya sa a sauke shafin. Ya ce abin da aka riga aka biya ba a zubarwa. Na ce to ya faɗa wa Mama. Ya ce sai ya sake kama wani wuri, ba za a daɗe ba, sai a canza adireshi kawai. Wata ya bi wata. In Mama ta kira ta ce ya kasuwa, sai ya fita bayan rumfar maigidansa ya ce da godiya. In ta zo gari ta ce a kai ta shago, ranar ce ake feshin maganin gara, ko titin ya lalace. Na gaya masa ni ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ba zan ɗauke masa nauyin faɗa ba, bakinsa ne ya ɗaura, shi zai kwance. Ina ganin yadda abin ke cinsa. Mutumin da dariyarsa ke cika ɗaki ya koma in an ambaci shago a taron dangi sai ya tashi neman ruwa. Kunya ce, ba wani abu ba, kuma kullum ƙara nauyi take.

Da wa'adin shekara huɗun ya kusa cika sai saƙon kamfanin ya iso. Ya sake zuwa kantinmu, ya sake ture mini wayar, wannan karon ba ya kallona. Kuɗin sabuntawa ya ninka na farko har ya ɗora. A ƙasa kuma ga tayi: in ya biya shekara uku a dunƙule, za a yi masa ragi.

"Ya kika gani?" ya ce a hankali. "Na ukun ya fi sauƙi in an raba."

Wallahi sai da na ajiye kwalbar da ke hannuna don kada in sake ta. "Yaya, hayar me za ka biya? Shagon da babu?"

"Mama tana dubawa kullum. In ta danna ta ga babu fa?"

"Sai ka ce mata babu."

Ya ɗauki wayarsa ya ce zai yi tunani. Na san tunanin, lissafin inda zai samo kuɗin ne.

Bai kai ga biya ba. Mama ta taso ganin likitan ido ba ta sanar da kowa ba, ta taho da aminiyarta, wadda ke son sababbin kujeru kuma ta sha jin labarin shagon har ta haddace launin rumfar. Suka ce bari su ba Yaya mamaki. Suka miƙa wa mai tasi wayar, taswirar ta yi aikinta tsaf, ta sauke su a ƙofar wani shagon wanki da guga.

Mai wankin ba mugu ba ne, gajiya ya yi. Ya ce kafintan nan ya tashi da daɗewa, yana yi wa wani aiki a bayan tasha, kuma don Allah in sun gan shi su ce ya cire adireshin, mutane sun ishe shi da tambayar kujeru. A gaban aminiyar ya faɗa.

Mama ta kira ni, muryarta a daidai, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na bar kanti na same su, muka wuce bayan tasha. Muka tarar da Yaya a durƙushe yana cire tsofaffin ƙusoshi daga wata kujera, maigidan yana tsaye a kansa yana cewa ya yi sauri. Ya ɗago ya gan mu. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya gaida aminiyar Mama har sau biyu.

Mama ta bari sai da aminiyar ta matsa gefe, wai tana duba yadi.

"Don shago ya tafi, sai me? Mahaifinku sau nawa ya faɗi ya tashi?" ta ce. "Amma ka bar ni da furfurata ina bi ɗaki-ɗaki ina nuna wa mutane abin da babu. Har limamin unguwa na nuna wa. Da wane ido zan kalle su?"

"Mama, ki yi haƙuri."

"Ka cire shi yanzu, ina tsaye."

Nan ne ƙasa ta ƙi tsagewa. Yaya bai san yadda ake cirewa ba. Kalmar sirrin tana wurin mutumin da ya haɗa shafin, shi kuma ya bar garin, lambarsa ta daina shiga. Ya ce sai dai a jira wa'adin ya cika, saura 'yan makonni, zai mutu da kansa in ba a biya ba.

"To, mu jira," in ji Mama.

Duk zuwanta gidan Yaya take sauka. Wannan karon ta ce a kai jakarta gidana, kuma ni ma na sha nawa rabon a hanya. Aka yi mata aikin ido, aka rufe shi da auduga. Yaya ya zo dubiya da 'ya'yan itatuwa cike da leda, ta amsa gaisuwarsa ta juya fuska bango. Kowace safiya kafin in fita sai ta miƙo mini wayarta.

"Duba min. Yana nan?"

In danna, in jira, Yaya ya fito da murmushinsa. "Yana nan, Mama."

Kamfanin ya yi ta turo masa saƙo, kowanne da ragin da ya fi na baya. Matarsa ta ce mini ya kan buɗe ya karanta har ƙarshe, sannan ya kife wayar.

Wata safiya na danna, na jira, sai farin shafi da 'yan rubutu a tsakiya. Na ce mata ya tafi. Ta karɓi wayar ta kai kusa da idon mai lafiya, ta daɗe tana kallon farin. Sannan ta ce in kira mata Yaya.

Ya ɗauka, ƙarar zarto na tashi a bayansa. Ta ce ya aka kwana, ya iyali. Ya amsa. Sai ta ce, "Ya kasuwa?"

Wannan karon bai ce da godiya ba.

"Mama, ina wurin aiki," ya ce. "Maigidana ba ya son a riƙa waya. In na tashi zan zo."

Mama ta goge idon da ba a rufe ba da gefen mayafinta.

"To, yi aikinka," ta ce. "Ka zo da mota, a mayar da jakata gidanka."