Ranar da Gwaggo ta ɓace a Tanuma

Mun tashi a mota daga Sa'alaba, unguwarmu a Jidda, da asuba, ni da maigidana da Gwaggo, ƙanwar babana. Umara ce ta kawo ta tun ina goye, ta zauna tana sayar da fura a kasuwar Bab Makka, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama.

Ni na nace a tafi da ita. Na daɗe ina hango kaina a Tanuma, garin nan na kan duwatsu, iska na kaɗa mayafina, maigidana na kallona. Shi kuwa titi yake kallo, duk shingen bincike sai gumi ya keto masa. Gwaggo ta riƙa barcin ƙarya, har da minshari.

Hawan dutsen ya toshe mana kunnuwa. Birai sun jeru a bakin hanya, masu zuma na faɗin kuɗi kamar na zinare, mu dai shayi da gurasa mai zafi muka iya. Muna isa inda ruwa ke zubowa daga saman dutse sai sama ta ɓarke, muka fake a wani kogo. Gajimare ya sauko ya rufe ko'ina. Na waiwaya, babu Gwaggo.

Muka yi ta kira, ƙarar ruwa na haɗiye muryarmu. Gefen hanyar kuma rami ne mai zurfi. Maigidana ya ciro waya.

"In na kira masu ceto, shi ke nan, kama ta za a yi a mayar da ita Najeriya."

"Kira, habibi," na ce ina kuka. "Gara a mayar da ita da ranta."

Bai gama danna lambar ba muka ji tari. Tana durƙushe a wata 'yar gona ƙasa da kogon, ta jiƙe sharkaf, hannunta cike da ƙasa.

"Gwaggo! Kin kashe mu!"

"Rufe min baki, 'yar birni. Shinshina nan. Ruwan shuka ne wannan. A garinmu yau ba mai zama a ɗaka."

Muka gangaro muka koma cikin zafin Jidda. A hanyar na gane ban taɓa tambayarta abin da ta baro a gida ba.

Ba a daɗe ba ta rabar da ƙoren furarta, ta kai kanta wurin hukuma da ƙafarta, aka mayar da ita Najeriya. Jiya ta aiko da saƙon murya daga ƙauye. Ta shuka gyaɗa, ruwa ya yi jinkiri, wai in taya ta addu'a.