Dolores Kaminski, Wadda Muka Sayar da Mantuwarta

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2003, da hantsi, na ji a rediyo cewa Dolores Kaminski ta rasu a gidan kula da tsofaffi a unguwar Queens ta Amurka, tana da shekara saba'in da huɗu. A jimla biyu aka gama da ita, aka koma labarin cunkoson motoci.

Dolores, shekara talatin da ɗaya kika yi kina fitowa a matsayin Vera, uwar nan mai kaifin baki, a cikin "Gidan Bakin Kogi", wanda ake nunawa a talabijin kullum ƙarfe biyu na rana. Wasan sabulu ake ce wa irinsa, don kamfanin sabulu ke ɗaukar nauyinsa, kuma ba ki taɓa jin kunyar sunan ba. Kikan ce, "Mu 'yan tallan sabulu ne, ɗana. Mu sa su kuka, shi kuma ya wanke musu fuska."

Ni ne Russell Tabor, marubucin da kika ceta. Ina wata na uku a aiki shugaban shirin, Mista Gorman, ya shirya korata. Kika faɗa ofishinsa da kayan wasa a jikinki, kika ce in na tafi, ya nemo wata Verar kafin ƙarfe biyu. Na ƙara shekara ashirin a wurin. Da matata ta rasu, wata guda kika yi kina kawo mini miyar kabeji, kina tsaye a kaina sai na shanye.

A shekarar 1996 kika ja ni gefe a ɗakin kwalliya. Kika ce, "Russell, jiya na manta sunan jikata. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa. Kar ka gaya wa kowa. Ka dai rage mini magana a rubutunka."

Na rantse miki. Mako bai zagayo ba na gaya wa Gorman, don masu kallo sun ragu, kamfanin na barazanar janyewa, ni kuma ina so a ce da ni gwani. Ya buga tebur yana dariya, ya ce, "Kai, wannan ai garaɓasa ce! Maza ka ɗora wa Vera ciwon."

Na ɗora mata. Maimakon in rage miki magana, ƙarawa na yi: dogayen jimloli da sunaye a jere, don ki sarƙe. In kin tsaya kina lalube, idonki cike da tsoro, ba a kashe kyamara. Wata rana kika dubi mai ɗaukar hoto kika ce, "Don Allah, bawan Allah, ina ne nan?" Wannan ba ya cikin rubutuna. Muka yanko wurin, aka yi ta maimaita shi tsakanin tallan sabulun wanki da na wanka. Masu kallo suka ninka, wasiƙu suka zo buhu-buhu ana yabon iya wasanki. Ranar da aka ba ki lambar yabo, ni na riƙe hannunki zuwa dandamali. Kika yi mini murmushi kika ce, "Kana da kirki, malam. Ka san Russell? Kun yi kama."

Da ciwon ya kai ba kya iya tsayawa inda aka ajiye ki, na kashe Vera a shafi ɗaya. Shekara shida kina kwance, ban taɓa leƙo ki ba.

Jiya na buga wa 'yarki Joanne waya. Ta bari na gama gaisuwa, sannan ta ce, "Mista Tabor, kar ka zo jana'iza. Kuma ka daina tsammanin mahaifiyata ba ta san abin da kuka yi mata ba. Tun watan farko ta gane. Na ce mu kai ƙara, ta ce, 'Ƙyale shi, 'ya'ya uku gare shi, ba su da uwa.'"

Allah ya jiƙanki, Dolores. Ubangiji ya gafarta miki, ya ba ki hutu, ya mayar miki da kowane suna da ya ɓace miki. Joanne da jikoki da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Ban nemi ku yafe mini ba, ban kai nan ba. Gobe za a binne ta, ni kuwa zan yi abin da aka ce mini, in zauna a gida.