Sunan 'Yar Fari

Yayata marubuciyar waƙoƙi ce, irin waɗanda ba sa barin komai a ciki. Abin da ake rufe ƙofa a faɗa a gidanmu na Zariya, ita sai ta sa shi a littafi: karayar arzikin Baba, mutuwar aurenta, har fitsarin kwancen da na yi ina ƙarami bai tsira ba. Mutane suna yaba mata, wai jaruma ce. Ni kam haushi take ba ni.

Waƙar da ta fi fito da ita a kan Inna ce. Yaya 'yar fari ce, don haka Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Kunya ce, kowa ya sani. Amma Yaya ta rubuta cewa ta girma tana jiran ranar da uwarta za ta kira ta da suna. Da maganar ta isa kunnen Inna, sai suka daina magana, har shekara biyu.

Ni ina Doha, ina jan motar da ke kai ma'aikata daga Sanaiya zuwa wurin gini a Wukair. Juma'a nake hutu, ranar nake kiran gida. A cikin motar nake zama in yi waya, don mu shida ne a ɗaki, ba a sirri.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Inna ta ce, "Auta, kana da littafin waccan?"

Ina da shi, a ƙasan akwati. Na je na ɗauko.

"Karanta min tawa."

Na gane dalilin da ya sa ta zaɓe ni: ina nesa, ba zan ga fuskarta ba. Na fara karantawa, ina tsallake wuraren da suka yi zafi.

"Kai, kada ka raina min hankali. Na ji ta a rediyo. Koma baya."

Na koma, na karanta duka. Da na kai ƙarshe sai ta ce:

"An ce sunanta na jikin bangon littafin. Me aka rubuta?"

Na faɗi sunan.

"Ban ji ba, layin ba kyau. Sake."

Layin lafiyarsa ƙalau. Sau huɗu na faɗa mata. Da muka gama na kira Yaya, na gaya mata yadda aka yi. Wannan kam har yau ba ta sa shi a littafi ba.