Saƙon Nashiru da Ya Yi Shekara Sha Huɗu a Hanya

Bangon da ya raba flat ɗinmu da na Malam Rufa'i a Plumstead da kaɗan ya fi kwali kauri. Shi ya sa ranar Talata da hantsi, ina kicin wajen mahaifiyata, Mma Adiza, muka ji komai tsakaninsa da matarsa.

"Ka sa hannu kawai, Malam. Layi ɗaya ne."

"Na ce ba za a kafa sunana a jikin dutsen gwamnati ba."

"Sunanka? Sunan ɗana ne."

"Rufa'in da ke ƙarshensa fa, na ubanki ne?"

Aka rufe ƙofa da ƙarfi. Mma ta ci gaba da yanka albasa kamar ba ta ji ba.

Takarda ce wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta aiko. Za su ƙara sunayen 'yan unguwa da suka mutu a yaƙi a jikin dutsen da ke filin shaƙatawa, kuma sai iyali sun aika da amincewarsu kafin Juma'a ta wuce. Hajiya Zaratu, matar Malam kuma mahaifiyar marigayi ɗansu Nashiru, tana iya sa hannu ita kaɗai. Amma ta rantse wanda ya rufe wa yaron ƙofa shi zai buɗe ta.

Ajinmu ɗaya da Nashiru tun firamare. A nan London aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake mayar da amsa. Bai yi fice a komai ba sai gudu da barci. Da ya bar makaranta ya samu aikin jera daskararren kifi a wani shago a Rye Lane, wata uku aka sallame shi saboda makara. Ubansa kuwa direban bas ne, ƙarfe huɗu na asuba yake fita, ya dawo da azahar ya tarar da ƙato a miƙe cikin bargo. Ta bangon nan muke jin sauran. Sarkin Barci yake kiransa, har a gaban baƙi. Ya ce ko akuya ɗaya aka ba shi kiwo, sai dai akuyar ta tashe shi. Baƙi su yi dariya, Nashiru ma ya taya su.

Yana shekara sha tara ya shiga jirgin ƙasa zuwa Charing Cross, ya ba da sunansa a ofishin ɗaukar soja. Kowa ya kawo dalilinsa. Dattawan masallaci suka ce an juya masa kai, abokai suka ce finafinai ne suka ruɗe shi. Ni ban yarda da ko ɗaya ba.

Malam ya ce Musulmi ba zai ɗauki bindigar Bature ya shiga ƙasar Musulmi ba, sannan ya dawo ya ci tuwo a gidansa da kaki. Ya kafa doka: ba kaki, ba takalmi, ba wasiƙar soja a ƙarƙashin ƙofarsa. A masallaci kuwa ya ce yaron ya samu aikin gadi a wani kamfani can arewacin Ingila. Wai addini. To amma mutumin nan ya shekara ashirin yana ɗaukar sojojin barikin Woolwich a bas ɗinsa, suna raha. Ina zargin abin da ya ci masa rai daban ne: abin da ya kasa a shekara sha tara, wani sajan Bature ya yi shi a 'yan makonni.

Nashiru bai yi gardama ba. Da aka ba shi fom ɗin adireshin iyali, sai ya rubuta lamba sha huɗu, wato ƙofarmu, maimakon sha biyar. Wasiƙunsa wajenmu suke zuwa, Mma ta sa su a kwanon abinci ta miƙa wa Hajiya. In ya zo hutu, a wajenmu yake sauke jaka, ya ajiye takalmansa a bayan ƙofa, ya zura silifas, sannan ya yi taku uku ya yi sallama a gidan ubansa.

A shekarar 2010 aka tura su fagen yaƙi a Helmand. Wani abokin aikinsa, Katung, ɗan kudancin Kaduna, shi ya ba mu labarin daga baya. Ya ce in za su fita sintiri, mutum ɗaya ne yake gaba da na'urar gano nakiya, sauran su taka inda ya taka. Ba mai son aikin nan. Nashiru roƙa ya yi a ba shi. Wata huɗu yana gaba, ba wanda ya ko ƙwarzane a bayansa. Wata safiya a bakin wata magudanar ban ruwa, na'urar ba ta yi kuka ba. Shekararsa ashirin da ɗaya.

Jami'ai biyu suka zo da ƙarfe goma na safe, suka bi abin da fom ya ce. Macen cikinsu ta tambayi Mma ko ita ce mahaifiyarsa, Mma ta kasa cewa e, ta kasa cewa a'a, har suka gama faɗa. Mma ce ta yi taku ukun nan. Ranar Malam bai fita aiki ba, kafin ta ƙwanƙwasa ya buɗe, domin bangon ya riga ta. Ya dubi kakin jami'an, ya ce su tsaya a waje.

Kwana tara kafin gawa ta iso. Malam ya hana a lulluɓa mata tuta. A zaman makoki ya ce hatsari ne a wurin aiki. Duk wanda ke ɗakin ya ga hoton yaron da hular soja a talabijin, amma kowa ya ce Allah ya jiƙansa, suka kama masa ƙaryar kamar masu taya ɗaukar kaya. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Shekara sha huɗu ke nan.

Bayan faɗan ranar Talata ne Mma ta gaya min akwai saƙon da Nashiru ya bar mata ta kai wa ubansa, ba ta kai ba. Ta ce da farko ta ji tsoron fushinsa, daga baya ta ji tsoron zuciyarsa ta buga. Na ce ko dai ba ta so ta zama mai kai masa mugun abu sau biyu. Ta ce in rufe mata baki.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta yafa mayafi, ta ɗauko tsofaffin takalman horonsa da har yanzu ke bayan ƙofarmu, ta shiga wajen Malam. Na kafa kunne a bango. Karo na farko a rayuwata bangon ya hana ni komai.

Da safiyar Juma'a Hajiya Zaratu ta kai takarda gidan waya, da sa hannun Malam. A watan Nuwamba aka yaye ƙyallen dutsen. Malam bai je ba. Har gobe in aka tambaye shi, hatsari ne a wurin aiki.

Na matsa wa Mma sai ta faɗa min saƙon. Ta ce ranar da hutunsa na ƙarshe ya ƙare, yana durƙushe a bakin ƙofarmu yana ɗaure takalmi. Ya fara da Turanci, sai ya fasa, ya ce wannan da Hausa za a kai shi. Ya yi ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Mma, ki gaya wa Baba yanzu ƙarfe huɗu nake tashi. Ba wanda yake tashi na. Ni nake tashin sauran."