An yi wa Baba Bishir ƙarya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin karyawa wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Baba Bishir ne. Ya ce, "Kabiru, Baba ya cika." Na ce wane Baban? Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, alhali na san lambar, na san muryar.

Ya yi sallar asuba a jam'i, ya dawo ya zauna a zaure, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Na hau kabu-kabu daga Kankia zuwa Kusada. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Na so in rubuta ta'aziyya kawai in yi shiru. Amma abin da na ji a maƙabarta ya hana ni, kuma akwai yaron da maganar ta kusa raba shi da abin da ya fi so a duniya. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Bishir tsohon malamin sakandare ne, shi ya riƙe mana wasanni. Yana firamare aka ba ƙasar nan 'yanci. Da kuɗin mai suka shigo, yana cikin samarin da gwamnati ta tura Amurka koyon aikin injinan noma. Can ya ga irin ƙwallonsu, wadda ake jifa da hannu, mai tsini gaba da baya.

Na ga wasu sun rubuta cewa ya buga wasa a Amurka. Bai buga ba. Da bakinsa ya gaya mini shara yake yi a filin wasan makarantarsu a ranakun hutu. Sau ɗaya aka ba shi ƙwallon ya jefa. Ya ce, "Ta tahi tana birkiɗa kamar kazar da aka yanka, Turawa na ta dariya."

Don Allah ku gyara. Mutumin ba ya bukatar ƙari.

Abu biyu ya dawo mana da su. Na farko kalmar kwatabak. A wasansu, shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo ya duba fili, ya jefa wa wanda ya dace kafin ƙattai su danne shi. Baba ya ɗora sunan a kan ɗan tsakiya mai raba ƙwallo a wasanmu na ƙafa. Yau daga Kankia har Kusada ko ƙaramin yaro ka tambaya wa ke buga kwatabak a unguwarsu, zai nuna maka.

Na biyu shi ne diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa. A gasarmu ta unguwanni da ƙauyuka, samarin da suka isa shiga ba su zaɓar ƙungiya, ƙungiyoyi ke zaɓarsu, kuma wadda ta zo ta ƙarshe bara ita ke fara ɗauka. Masu ƙarfi sun daɗe suna jin haushin tsarin. Baba ya ce haka ya gani, kuma ya fi adalci.

Shi ke ɗinke mana ƙwallo da allura da zare in ta fashe.

Yaron da ba shi da kuɗin mota, a bayan tsohuwar Besfarsa yake zuwa fili.

Ni ban iya ƙwallo ba ko kaɗan. Bai taɓa kora ta ba. Ya ce in tsaya kusa da shi in riƙa gaya masa wa ya ba wa ƙwallo, wa ya zubar. Da na gama digiri na dawo gida ina jiran takardar bautar ƙasa, kullum hankalina a tashe, sai ya ce, "Kwantar da ranka, ɗana. Kai ma a diraf kake. Ba wanda ya san wanda zai ɗauke ka."

To bana an yi zaɓe kafin ruwa ya sauka, kamar yadda aka saba, gasar kuma sai bayan girbi. Kwatabak biyu ne a bakin kowa. Nafi'u ɗan ƙauyen Fakuwa, wanda ƙungiyar Dudunni ta ɗauka a farko don ita ta zo ta ƙarshe. Sai Mubarak, wanda ƙungiyar 'yan tasha ta Kankia ta samu. Mai riƙe da ita kowa Manaja yake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Tun ranar ake gardama. A majalisa, a gidan kallo, a wurin mai shayi. Wane ne zai kai matakin ƙwararru, wane ne zai ƙare a filin ƙauye. Abin ya ƙara zafi da aka ji wani babban kulob zai turo mutanensa su ɗauki ɗaya gwaji, kuma kowa ya san in sun zo Baba suke fara tambaya.

Ban ga laifin gardamar ba. Ni ma na yi ta.

Amma a maƙabarta?

An sa Baba, ana jera itace, samari na kwaɓa ƙasa. Nafi'u na cikinsu, hannunsa duk laka har gwiwar hannu, yana aiki yana hawaye. Mahaifinsa na tsaye daga gefe. Sai na fara jin ƙus-ƙus a bayana, gardamar Nafi'u da Mubarak ce.

"Ƙafar hagu ce ba ya da ita."

"Kai tafi can, naku in aka taɓa shi sau ɗaya sai ya nemi benci."

Na waiwaya. Wani har ya zaro waya yana nuna wa na kusa da shi bidiyon atisaye. A tsakanin kaburbura.

Sai Manaja ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Ku bar wahalar da kanku. Marigayi da bakinshi ya gaya mani, wanga yaro na Dudunni ba ya zuwa ko'ina. Ɗan wasan ƙauye ne."

Wani daga cikin magoya bayan Dudunni ya yi caraf ya ce, "Ƙarya kake! Ni ya gaya mawa, Nafi'u sai Turai."

Sai da liman ya juyo ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, ku dubi inda kuke," sannan suka yi shiru. Shirun ma na ɗan lokaci, don a hanyar komawa gida sun ci gaba.

Mutumin da ya koya muku wasan, ba a gama rufe shi ba, kun fara cusa masa magana a baki don kun san ba zai tashi ya ƙaryata ku ba. Tir da wannan hali.

Na ga lokacin da hannun Nafi'u ya tsaya a cikin lakar. Na ga mahaifinsa ya sunkuyar da kai.

Ban tanka a wurin ba, don ba zan ƙara hayaniya a kan kabarin Baba ba. Amma zan faɗi abin da na ji da kunnena, kuma iyakarsa zan faɗa.

Makon jiya na je gaishe shi, ganina da shi na ƙarshe ke nan. Duk shekara in Amurkawa sun yi nasu zaɓen, ni ke kai masa bidiyon a waya, mu zauna a zaure mu yi ta musu a kan sababbin kwatabak ɗinsu. Ya sa aka dama mana fura da nono. Na nuna masa wanda aka ɗauka a farko, dogo, jifarsa kamar harsashi. Na jero masa duk bajintar da ya yi a jami'a, na ce wannan kam ya gama kaiwa.

Ya ce, "Nuna mani inda aka kayar da shi."

Na ce babu, Baba, bidiyon bajinta ne.

Ya ce, "To ban gan shi ba tukuna. Ƙungiyar da ta hi kowa lalacewa ta ɗauke shi, ba masu tsare shi. Za a yi ta danne shi. Ka dawo mani da labari in ya tashi."

Na ce to wancan gajeren da aka bari sai can ƙarshe fa? Ya ce, "Shi ma ban gan shi ba. Ku masu digiri kuna son amsa tun ba a yi jarrabawa ba."

Sai na yi ƙarfin hali na ce, Baba, namu fa? Nafi'u ko Mubarak?

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ma an turo ka? Manaja ya zo nan shina ta kewaye-kewaye, na ba shi hura ya sha ya tahi. Mutanen Dudunni sun aiko da zabuwa. Zabuwar na ci, maganar ban ba su ba."

Na nace. Sai ya ajiye ludayi ya ce, "Mubarak ya hi ƙafa. Nafi'u ya hi ido, shina ganin mutum kahin mutumin ya san zai yi gudu. Mubarak bai taɓa wasa cikin marasa ƙarhi ba, ban san halinshi ba in ana cin su. Nafi'u kuwa a Dudunni zai sha kashi, ban san ko zuciyarshi za ta ɗauka ba. In mutanen kulob sun zo, ce masu zan yi su koma, su dawo bayan girbi su kalli yaran duka biyu."

Shi ke nan. Bai ƙara ba, ban ƙara masa ba.

Ban ce na san duk abin da ya taɓa gaya wa kowa ba. Amma ya gaya mini Manaja ya zo bai samu komai ba, kuma bayan wannan rana ɗansa ya tabbatar mini ba ɗaya daga cikin mutanen nan biyu na maƙabarta da ya sake taka gidan.

Bayan an watse daga jana'iza na ji labarin da nake tsoro. Mahaifin Nafi'u, Malam Audu, dama ba son ƙwallon yake ba. Albarkacin Baba Bishir ya bar yaron yana barin gona da yamma. Da ya ji maganar Manaja sai ya ce tunda Malam Bishir da kansa ya faɗa, an gama, yaro ya ajiye takalmi ya kama garma.

Da la'asar na tafi Fakuwa. Ban taɓa zama gaban dattijon ba. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, Nafi'u na zaune can gefe, idonsa jajir.

Na durƙusa na gaishe shi, muka yi wa juna ta'aziyya. Na ce, Baba, maganar da aka faɗa a maƙabarta ba haka take ba. Na kwashe yadda muka yi da marigayi na gaya masa.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malam bai ce ba zai kai ba?"

Na ce bai ce ba.

"Ya ce zai kai?"

Nafi'u ya kalle ni. Wallahi na gane kallon, roƙona yake. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai kama ni. Amma yau an riga an yi wa Baba ƙarya biyu.

Na ce, shi ma bai ce ba.

"To mi ya ce, ɗan nan?"

Na ce ya ce yaron na da ido, kuma a jira bayan girbi.

Malam Audu ya daɗe yana buga ƙotar a ƙasa. Can ya ce, "Wagga ta yi kama da maganar Malam. Waccan tun a maƙabarta na ji ba ta zauna mani ba, don ban taɓa jin ya yanke ma ɗan kowa ƙauna ba." Ya juya wajen ɗansa. "Kai, ka ji. Da sahe gona, da marece ka tahi wahalarka. Har girbi. In an yi girbi mu ga abin da Allah ya yi."

Nafi'u ya rako ni bakin hanya. Ya ce, "Yaya Kabiru, da gaske ido ya ce?" Na ce da gaske. Ya ce, "Amma ya ce Mubarak ya fi ni ƙafa." Na ce shi ma da gaske. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai ya fi ni ɗin."

Mubarak ba ruwansa a wannan magana, kada kowa ya zage shi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ya yi kuka kamar kowa.

Na san Manaja zai karanta wannan. Na san wasu za su ce yaro ne ni, me ya kai ni. Ba na neman faɗa da kowa. Ku yi gardamarku a majalisa, ku ce Nafi'u, ku ce Mubarak, amma ku faɗa da sunanku. Ku cire sunan Baba a ciki. In mutanen kulob sun zo suka tambaya, a gaya musu saƙon da ya bari: su dawo bayan girbi, su kalli yaran duka biyu.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Bishir. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa Inna da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ka shirya mana harsunanmu, mu da muka rage.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. In kuma ya taɓa ɗinke maka ƙwallo ko ya goya ka a Besfa, ka sa shi a cikin sujadarka ta yau.