Kafson da Ban Kai wa Hajara Ba

Ɗazu a kyamis na ji wani magidanci yana neman maganin ciwon sanyi, murya ƙasa-ƙasa. Sai na tuna da kaina.

Haka ni ma na tsaya a wani kyamis a Sabon Gari farkon zuwan kuɗin fetur, ina aikin reluwe. Dattijo mai kyamis ya miƙo min kafso ya ce, "Malam Sule, ka shanye duka, kuma ka kai wa matarka nata."

Na ce, "Baba, da wane bakin zan faɗa mata?"

Na sha nawa, ban kai mata nata ba, ban kuma faɗa mata ba. Daga baya likita ya ce ciwon ya toshe wa matata Hajara hanyar haihuwa. Har ta rasu, ita ke ba ni haƙuri don ba ta haihu ba.

Jama'a, wa zan roƙa gafara yanzu?